Kududdufin da tsuntsaye ke sauka: a fara tara kuɗi ko a fara neman takarda?

Tambaya: Barista, mu ƙungiyar masu kallon tsuntsaye ce a cikin birnin Kano. Akwai wani tsohon kududdufi da muke zuwa da sassafe, balbela da zalɓe da kirinjijiya na sauka a wurin, shamuwa ma idan damina ta kawo kai. Yanzu tifofi sun fara juye ƙasa da shara ta gefen gabas. Muna so mu nemi taimako ta Facebook da WhatsApp mu kewaye shi da waya. Ba mu da rajista, kuɗin kuma asusun ma'ajinmu zai shiga. Doka ta ba mu dama?

Amsa: Malam Sakatare, ku dakata da maganar waya, ku dakata da karɓar kuɗi. Abu biyu ne ba ku da su tukuna: ba ku san mai wurin ba, ita kuma doka ba ta san ku ba.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma shi ke ba da izinin mallakar fili a cikin birni. Saboda haka babu kududdufin da ba shi da mai shi. Ko dai yana hannun gwamnati, ko gadon wani gida ne tun zamanin da aka haƙi ƙasar gini a wurin, ko kuwa an riga an yanka wa wani har da takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da C of O. Ku ɗauki safiyo mai lasisi ya fitar muku da iyakokin wurin, lauya ya kai su ofishin ƙasa na jiha a binciko fayil, sannan a tambayi hukumar tsara birane ta jihar Kano, wato KNUPDA, ko ta ba da izinin gini a can. Ku gaida mai unguwa ma, don sau da yawa ya san wanda ya sayar tun kafin takarda ta fito. Idan kuka kafa waya ba tare da wannan ba, ku ne masu kutse, wanda yake cike ruwan kuma shi zai riga ku zuwa wurin 'yan sanda.

Sai rajista. Abin da ya dace da ku shi ne rajistar amintattu, wato mutanen da za su riƙe dukiyar ƙungiya da sunanta, a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Kuna buƙatar amintattu biyu ko fiye, da tsarin mulkin ƙungiya, da rubutaccen bayanin taron da aka naɗa su. Yaro, ko wanda aka yanke wa hukunci kan zamba cikin shekaru 5 da suka wuce, ba ya zama amintacce. Ana buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ja. A sashen manufofi ku rubuta ƙarara cewa za ku kare mazaunin tsuntsaye, ku mallaki fili ko ku yi hayarsa, ku karɓi gudummawa, ku shigar da ƙara. Ƙungiyoyi da yawa kan kwafo tsarin mulkin wata ƙungiyar zumunci su miƙa, sai ranar shari'a lauyan ɗaya ɓangaren ya tambayi abin da ya haɗa zumunci da kududdufi.

Kuɗi a asusun ma'aji kuwa tarko ne, kuma shi ma'ajin zai fara kamawa. Idan ya rasu, kuɗin ya cuɗe da gado. Idan ana bin sa bashi, kotu na iya riƙe asusun. Idan aka ce an tara don waya aka kashe a kan kuɗin lauya, mai gudummawa ɗaya ya isa ya kai ƙarar cin amana ƙarƙashin sashe na 312 na dokar Final Kod. Ku buɗe asusu da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum biyu. Bankuna da dama za su nemi lambar haraji da takardar SCUML, sashen EFCC mai sa ido kan halatta kuɗin haram. A cikin sanarwar neman taimakon ku faɗi abin da za a yi da kuɗin, da inda zai koma idan aikin bai yiwu ba. Kada ku yi tikitin cin kyauta ta hanyar ƙuri'a don jawo jama'a, a Kano sunansa caca.

Me kuɗin zai iya yi? Idan wurin na mutum ne, saye ko doguwar haya, ko a roƙe shi ya yi wakafi. Saye da haya na buƙatar amincewar gwamna bisa sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa, in babu ita sashe na 26 ya ce cinikin banza ne. Idan na gwamnati ne, ku nemi a keɓe shi a taswirar gari a matsayin wurin da ba a gini, a kuma buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati. Yarjejeniyar fahimtar juna da ma'aikatar muhalli tana da daɗin ɗaukar hoto, amma wani kwamishinan na zuwa ta zama tarihi. A ganina gazet ɗin ya fi waya daraja nesa ba kusa ba. Ku sani kuma cewa ko kun saya, sashe na 28 ya bar wa gwamna ikon soke mallaka don amfanin jama'a.

Idan kun je wurin hukuma, kada ku tsaya kan tsuntsaye kaɗai. Kududdufi shi ke shanye ruwan Agusta, ranar da aka cike shi ruwan zai nemi zaurukan maƙwabta. Wannan hujjar ce za ta sa unguwa ta sa hannu a takardarku. Ku haɗa da lissafin tsuntsayen da kuke gani, da kwanan wata da hotuna. Abin da kuka shigar a eBird, manhajar adana bayanan tsuntsaye, ko a aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ke jagoranta ya fi "mun saba gani" nauyi.

Kotu ba a rufe take ba, amma kada a ruɗe ku. Sashe na 20 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ambaci kare ruwa da dazuzzuka da namun dawa, sai dai shi kaɗai ba ya ɗaukar ƙara. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta bincike kan busar da dausayi mai hekta 100 ko fiye, kududdufin cikin gari kuwa da wuya ya kai haka. Abin da zai fi taimakonku shi ne ƙa'idojin hukumar kare muhalli ta tarayya, wato NESREA, na 2009 kan dausayi da gaɓar koguna, da dokar tsara birni idan babu izinin gini, da hukuncin Kotun Ƙoli na 2018 a shari'ar Centre for Oil Pollution Watch da NNPC, wanda ya yarda ƙungiya mai zaman kanta ta yi ƙara kan muhalli don amfanin jama'a.

Lokaci ne abokin gabarku. Kotu ba ta ba da umarnin dakatar da aikin da aka riga aka gama, kuma idan jami'in gwamnati za ku haɗa a ƙarar, akwai dokar da ta ba da wata 3 kacal, wasu hukumomin ma sai an ba su sanarwa kafin a kai su kotu. Mai neman umarnin dakatarwa kuma kan ɗauki alkawarin biyan diyya idan ya sha kaye. Tun da rajista za ta ci makonni, a wannan makon maƙwabta biyu ko uku da ambaliya za ta shafa su rubuta ƙorafi da sunansu zuwa KNUPDA da ma'aikatar muhalli da ofishin NESREA na Kano, a haɗa da hotunan tifofin masu nuna lamba, a buga wa kwafin kowace wasiƙa hatimin karɓa da kwanan wata.