Likita, man ƙamshin tsirrai yana kare hanta daga guba?

Tambaya: Likita, ana cewa man ƙamshin da ake tatsa daga kanumfari, na'a-na'a da makamantansu yana wanke hanta. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malam, maganar tana da tushe, amma an ƙara mata gishiri. Masu bincike sukan ɗirka wa ɓeraye abin da ke lalata hanta, kamar sinadarin carbon tetrachloride ko farasitamol mai yawa, su kuma ba wasunsu man tsirrai. Sau da yawa hantar waɗanda suka samu man ba ta lalacewa sosai. Sinadarin thymoquinone na habbatus sauda yana cikin waɗanda aka fi gwadawa. To amma ɓera ba mutum ba ne, kuma a can awo ake yi daidai da nauyin dabba. Kwalbar kasuwa fa, wa ya auna ta? Ni dai ban yarda a sha irin wannan man da sunan wankin hanta ba.

Tambaya: Ɗana mai shekara 2 ya kurɓi man kanumfarin da nake sa wa haƙori, amma yana wasansa. In bar shi? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, ki kai shi asibiti yanzu, tare da kwalbar. Kada ki sa shi amai, kada ki ɗura masa manja. Man kanumfari cike yake da sinadarin eugenol, kuma an samu yaran da hantarsu ta gaza bayan sun sha ƙaramin cokali biyu kacal. Illar hanta kan ɗauki kwana ɗaya ko biyu kafin ta bayyana, don haka wasansa kada ya yaudare ki.

Tambaya: Ina da ciwon hanta nau'in B. Zan iya barin maganin asibiti in koma man habbatus sauda?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Barin maganin asibiti irin su tenofovir kwatsam yana iya tayar da ciwon da ƙarfi. In kana son kare hantarka, ka guji giya da jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba, da gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, saboda gubar aflatoxin da fumfunar ke haifarwa tana haɗuwa da wannan ciwo ta kawo kansa. A gwada iyalinka, a yi wa marasa cutar rigakafi, jariri kuma cikin awa 24 da haihuwa.