Daga ina sunan Attenborough ya samo asali, kuma mutum nawa ne ke amsa shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina kallon shirye-shiryen namun daji da dattijon nan Baturen Ingila, David Attenborough, yake gabatarwa. Abin da ke ɗaure min kai shi ne, sunaye irin su Smith da Johnson ko'ina ina jin su, a ƙwallo da labarai, amma ban taɓa jin wani Attenborough ba in ba shi da yayansa ba. Daga ina wannan suna ya fito? Masu shi nawa ne, kuma a ina suka fi yawa? Shin duk dangi ɗaya ne? Allah ya ƙara basira.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kunnenka bai yaudare ka ba, sunan nan ba shi da yawa ko a can ƙasarsa. Kuma na ji daɗin da ka zaɓo shi, domin yana cikin 'yan sunayen da masana suka bi diddiginsu ta hanya uku: tsofaffin takardu, da taswira, da jinin masu sunan.

Mu fara da furuci. Rubutun yana da tsawo, amma a bakin mutanen Ingila ba ya wuce "Atinbara". Asalinsa sunan ƙauye ne a gundumar Nottinghamshire, a bakin kogin Trent, 'yan kilomitoci kudu maso yamma da birnin Nottingham. A takardun ƙarni na 12 ana rubuta shi Adinburcha. Kashi biyu ne aka haɗa a tsohon Turanci: sunan wani mutum, Adda, da kalmar burh, wato wurin da aka kewaye da ganuwa. Ganuwar Adda ke nan. Kalmar nan ta burh ita ce kake gani a wutsiyar sunayen garuruwa irin su Middlesbrough da Peterborough.

Wasu tsofaffin littattafan sunaye sun kawo wata fassara dabam. Suka ce daga "atten burgh" ne, ma'ana mutumin da ke zaune kusa da ganuwa ko tudu. A kan takarda fassarar ta hau, amma ni ban gamsu da ita ba. Tudu da ganuwa babu inda babu su a Ingila. Da a ce daga nan sunan ya fito, da an same shi warwatse a kudu da arewa, kamar yadda ake samun Hill da Wood. To ba haka abin yake ba. In aka ɗauki ƙidayar jama'a ta 1881 aka ɗora masu sunan a taswira, sai a ga sun yi dandazo a Nottinghamshire da maƙwabciyarta Derbyshire, wato kewayen ƙauyen nan. Mahaifin David ɗin da kake kallo, Frederick Attenborough, a Stapleford aka haife shi a 1887, garin da mutum zai iya takawa da ƙafa daga ƙauyen Attenborough. Bayan ɗaruruwan shekaru da kafuwar sunan, gidansu bai yi nisa da tushe ba. Akwai reshen da ya sauka Landan ya yi suna a sana'ar jingina da sayar da kayan zinariya a ƙarni na 19, amma cibiyar tana nan inda take.

Don a gane dalilin ƙarancinsa, sai an san yadda Turawan Ingila suka fara gadon suna. Kafin Normawa, mayaƙa daga arewacin Faransa, su ci ƙasar a 1066, mutum sunansa ɗaya ne, sai dai laƙabin da ke mutuwa tare da shi. Manyan masu filaye ne suka fara miƙa wa 'ya'yansu suna na biyu, a hankali abin ya gangaro kan talaka, har zuwa wajen 1400 yawancin gidaje sun samu sunan da ke bin zuri'a. Sunayen kuwa daga wurare huɗu suka fito: sana'a, sunan uba, siffar mutum, da wurin zama. Smith maƙeri ne, Taylor tela ne, Johnson ɗan John ne, Brown mai launin ƙasa-ƙasa ne. Kowane ƙauye yana da maƙerinsa, kowace unguwa tana da John. Saboda haka dubban mutanen da ba su san juna ba, babu jini tsakaninsu, suka wayi gari da suna ɗaya. Shi ya sa masu amsa Smith a Birtaniya suka haura rabin miliyan, a Amurka kuma ƙidayar 2010 ta samu 2,442,977.

Sunan ƙauye ba haka yake samuwa ba. Ba a kiran mutum da sunan ƙauyensu yana zaune a cikinsa, tunda kowa a nan ɗan ƙauyen ne. Sai ya tashi ya koma wani gari sannan za a ce "Wane na Attenborough", don a bambanta shi da takwaransa. Ko kuma ya zama shi ke da filayen wurin. Ƙaramin ƙauye kuwa mutum nawa zai fitar a daidai shekarun da sunaye ke kafuwa? Ɗaya, ko biyu, ko uku. Daga wannan 'yar ƙofa duk masu sunan suka fito. Yau a Birtaniya adadinsu yana wajen dubu ɗaya, wato kafin ka haɗu da Attenborough guda sai ka wuce Smith fiye da 500.

Ƙarancin tushe rabin labarin ne. Sauran rabin shi ne haihuwar 'ya'ya maza, kuma nan ne abin ya fi ba ni sha'awa. A tsarinsu suna yana bin namiji, mace in ta yi aure takan koma na mijinta. Ka ɗauki mutum mai 'ya'ya biyu. Ko dai maza biyu, ko namiji sannan mace, ko mace sannan namiji, ko mata biyu. Ɗaya cikin huɗu ke nan sunansa ya tsaya a kansa, alhali jininsa na nan yana gudana a jikokinsa. Ka ƙara da waɗanda ba su yi aure ba, da waɗanda ba su haihu ba, da yaran da suka mutu da ƙuruciya, da annobar 1348 zuwa 1349 da ta kwashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Ingila a daidai lokacin da sunayen ke tsiro. Francis Galton, wani masanin kimiyya na Ingila, ya jefa wa masana lissafi wannan tambaya a 1873: mene ne yiwuwar sunan gida ya ɓace? Wani limamin coci masanin lissafi, Henry William Watson, ya amsa, kuma har yau ana koyar da lissafin da sunansu su biyu. Abin da ya fito shi ne, yawancin layukan maza suna yankewa ko da yawan jama'a na ƙaruwa, 'yan kaɗan da suka tsira su ne ke yaɗuwa su cike gurbin. Smith igiya ce mai zare dubu, in ɗari sun tsinke ba wanda zai lura. Attenborough kuwa zare ɗaya ne ko biyu, kuma ikon Allah ne kawai ya sa bai tsinke ba a wani ƙarni da ya wuce. Sunaye da yawa irinsa sun tsinke, sai dai a gan su a takardun harajin 1379 ba mai amsa su.

Yanzu ga tambayarka ta ƙarshe, ko duk dangi ɗaya ne. A da, amsar sai dai a neme ta a rajistar coci, wadda aka wajabta ajiyewa tun 1538, da rajistar gwamnati ta haihuwa da aure da mutuwa da ta fara a 1837. Amma takarda tana da iyaka: wata ta ƙone, wata ruwa ya ci, wata ba a taɓa rubuta ta ba. Sai aka samu wani shaida a cikin jiki. Kowane namiji yana gadon kromosom Y, wato wani ɓangare na ƙwayoyin gado da maza kaɗai ke da shi, daga mahaifinsa kusan ba canji, shi ma daga nasa mahaifin, kamar dai yadda yake gadon suna. In suna da kromosom sun yi tafiya tare tun daga kaka ɗaya, ya kamata a same su tare a yau.

Turi King da Mark Jobling na Jami'ar Leicester sun gwada wannan. A aikinsu na farko, a 2006, sun haɗa maza bibbiyu masu suna ɗaya waɗanda ba su san da wata dangantaka tsakaninsu ba. Suka ga kusan kashi ɗaya cikin huɗu na irin waɗannan suna da kaka ɗaya ta wajen uba, in kuma sunan ba shi da yawa, abin yakan kai kusan rabi. A 2009 suka faɗaɗa aikin zuwa maza 1,678 masu sunaye 40. Masu Smith sun fito a cakuɗe, ba su da bambanci da mutanen da aka tsinto a titi. Masu Attenborough kuwa kashi 87 cikin 100 nasu suka faɗo cikin rukuni guda na kromosom Y, wanda ake kira E1b1b1, rukunin da ba kasafai ake samunsa a tsakanin mazan Birtaniya ba. Ba yadda za a yi wannan ya zama dace. Kusan tara cikin kowane goma jikokin mutum ɗaya ne. Wani abin burgewa, jami'ar da aka yi gwajin ita ce wadda Frederick Attenborough ya shugabanta daga 1932 zuwa 1951, lokacin tana kwaleji, kuma a harabarta David da yayansa Richard suka tashi.

Sai dai ina so ka riƙe abu biyu, don mutane na yawan zarce gona da iri a nan. Na farko, cewa na yau sun fito daga mutum ɗaya ba ya nufin mutum ɗaya ne kaɗai ya taɓa ɗaukar sunan. Mai yiwuwa su uku ne, layin biyu ya yanke, kamar yadda lissafin Galton ya nuna. Na biyu, rukunin E1b1b1 ya fi yawa a arewacin Afirka da yankin Habasha da Somaliya, shi ya sa wasu da jin haka sai su ce ai kakansu baƙo ne da ya shigo jiya. Rassan wannan rukuni sun yi dubban shekaru a Turai, musamman a yankin Balkan da ke kudu maso gabashinta, tun kafin a san da wani abu wai shi sunan dangi. Inda aka samu alamar Afirka ta Yamma a fili wani suna ne dabam. A 2007 masu binciken nan suka gwada maza 18 masu wani suna na yankin Yorkshire, wanda suka ɓoye suka kira shi "R" kawai, sai 7 daga cikinsu suka fito da rukunin A1 na Afirka ta Yamma, alhali su fararen fata ne da ba su taɓa jin labarin ba.

Ragowar kashi 13 ɗin fa? Kada a yi saurin zargi. Akwai marayan da aka riƙa ya tashi da sunan mai riƙonsa, akwai agolan da ya ɗauki sunan mijin uwarsa, akwai wanda ya ɗauki sunan gidan mahaifiyarsa saboda gado, akwai kuma wanda aka haifa ba a gidan aure ba. Ko da sau ɗaya ko biyu ne cikin haihuwa ɗari suna ya rabu da jini, in aka tara na zuri'a ashirin sai ya zama adadi mai kauri. Waɗannan ma Attenborough ne na gaskiya, gidansu ya yi ɗaruruwan shekaru yana amsa sunan.

Game da alƙaluma, shawarata ita ce ka yi hattara da shafukan intanet da ke ba da adadi daidai wa daida, har su ce mutum kaza a ƙasa kaza. Yawancinsu kintace ne daga littattafan lambobin waya da rajistar masu zaɓe, ita kuwa rajistar zaɓe babu yara a ciki. Ga matsalar rubutu. Kafin karatu ya yaɗu, malamin coci abin da kunnensa ya ji yake rubutawa, shi ya sa ake da Attenborrow da Attenburrow da Attenbrough, duk gida ɗaya. In ka ƙirga ɗaya ka bar sauran, ka rage dangin. Hukumar ƙidayar Amurka ma ba ta fitar da sunan da masu shi ba su kai 100 ba. A 2010 ta tattara sunaye kusan miliyan 6.3, amma 162,253 kaɗai suka kai wannan mizani, kuma fiye da rabin jimillar sau ɗaya tak suka bayyana, da yawansu kuskuren rubutu ne. Sunan da kake tambaya a kai, da mutum dubu a bayansa, yana da rai sosai in aka gwada shi da waɗanda gida biyu ko uku kawai suka rage musu.

Abin da ya sa kake jin kamar sunan ya fi haka girma, mutum biyu ne suka ɗauke shi suka kai shi duniya: Richard, ɗan wasa kuma daraktan fina-finai, wanda ya rayu daga 1923 zuwa 2014, da David da aka haifa a 1926. Masana sun raɗa wa gomman halittu sunan David, daga tsiro mai cin ƙwari na ƙasar Filifin zuwa wata dabba mai ƙaya da dogon baki ta tsibirin New Guinea, kuma jirgin ruwan binciken ƙanƙara na Birtaniya sunansa yake ɗauke da shi. Shi kuwa ƙauyen yana nan, birni ya kusa haɗiye shi. Ramukan da aka haƙa tsakuwa a gefensa sun cika da ruwa sun zama tafkuna, tsuntsaye suka mayar da su gida, kuma da aka keɓe wurin a matsayin gandun kare halittu a 1966, David Attenborough aka gayyato ya buɗe shi.