Kakana ya yi yaƙin Bama: takardun soja za su nuna mini ranar haihuwarsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kakana na wajen uba ya yi soja a zamanin Turawa, ya je yaƙin Bama (wato Burma, ƙasar Myanmar ta yanzu), ya rasu tun ina ƙarami. A Zariya ya zauna bayan an sallame shi, amma manya sun ce ba nan aka haife shi ba. Wasu su ce ƙasar Katsina, wasu su ce daga ƙasar Faransa, wato Nijar ta yanzu, ya tsallako. Abin da ke hannunmu lambobin yabo guda biyu ne da wani tsohon hotonsa sanye da kaki. Ina so in rubuta tarihin gidanmu. Ko takardun soja za su nuna mini ranar da aka haife shi da garin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kaka, ya sa aljanna ce makoma, kai kuma ya yi maka albarka a kan wannan niyya.

Garin, akwai kyakkyawan zato za ka same shi. Ranar kuwa, kada ka sa rai. Yawancin waɗanda suka je Bama an haife su ne tsakanin 1910 da 1925, lokacin da babu mai rajistar haihuwa a ƙauyukan Arewa. Dokar rajistar da ake aiki da ita yanzu ta 1992 ce. Saurayi kan zo wurin ɗaukar soja ba shi da wata takarda, likita ya duba shi, ya auna tsayinsa da faɗin ƙirjinsa, ya kintaci shekarunsa, akawu ya rubuta. Idan ka ga "shekara 20" a takardar, kintace ne na mutumin da ranar ya fara ganinsa. Kuma kintacen yana karkata ta kowane gefe: yara kan ƙara wa kansu shekaru don a ɗauke su, magidanta kan rage. Isaac Fadoyebo, ɗan ƙasar Owo wanda labarinsa na Bama ya shahara, yana da shekara 16 ya shiga soja a 1942. Duk da haka takardar tana da daraja ƙwarai, don takan ɗauki abin da ya fi rana amfani a wurinka: lambar soja, ƙabila, gari ko gunduma, sunan magaji, tsagar fuska, ranar ɗauka, bataliya, da ranar sallama.

Ka fara da abin da ke hannunka. Lambobin yabo na Yaƙin Duniya na Biyu ba a buga musu suna ba, saɓanin na Yaƙin Farko da ake samun suna da lambar soja a jikinsu. Amma ƙyallen da aka rataye su da shi yana magana. Tauraron Bama ja ne a tsakiya, gefe kuma shuɗi mai duhu da ruwan goro. Idan ɗayar lambar Tauraron Afirka ce, mai ƙyalle ruwan ƙasa da jan layi a tsakiya, to kakanka ya riga ya sa kaki kafin Mayun 1943, kuma wataƙila yana cikin sojojin Najeriya da suka yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha a 1941. Ka ga ke nan shekarar ɗaukarsa ta ja baya, ta haihuwarsa ma haka. Sai hoton. Ka duba kafaɗar rigar da gilashin ƙara girma. Baƙin gizo-gizo alamar Runduna ta 81 ce, wadda ta tafi Indiya a 1943 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan. Mashi biyu gicciye a cikin gammo alamar Runduna ta 82 ce, wadda ta bi baya a 1944. Dukansu sun haɗu a yaƙin Myohaung a Janairun 1945. Akwai kuma bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na Najeriya da aka sa a 1944 cikin rundunar musamman mai suna Chindit, sunan da barikin Zariya ke ɗauke da shi har yau. Kada ka manta da bayan hoton, sau da yawa a nan soja ke rubuta lambarsa.

Lambar nan ita ce mabuɗi, ta sojojin Najeriya takan fara da NA. Ba tare da ita ba za ka sha wuya, saboda yadda aka riƙa rubuta sunaye. Akawu kan rubuta sunan yanka ya liƙa masa sunan gari, shi ya sa bataliya ɗaya sai ka iske Audu Kano da Garba Sakkwato da Musa Katsina fiye da ɗaya. Garin nan kuma ba dole ne ya zama mahaifa ba. Sau da yawa babban birnin ƙasarsu ne, ko inda aka ɗauke shi. Mutumin wani ƙauye a Daura yana iya zama "Katsina", wanda ya zo cin rani Kano ya zama "Kano". Rubutun ma ba ɗaya ba ne: Audu, Awudu, Abdu, Garba, Garuba, Mamman, Momo. Wasu da gangan suka sauya suna, ko don sun gudo ba da izinin iyaye ba, ko don sun tsallako daga ƙasar Faransa suna guje wa aikin tilas. Saboda haka maganganun manyanku biyu suna iya zama gaskiya a lokaci guda: an haife shi wajen Maraɗi ko Tasawa, ya shigo ta Katsina, aka rubuta shi Bakatsine.

Kafin ka taka ko'ina, a buɗe tsofaffin akwatuna da adaka na gidan, har na 'ya'yansa mata da suka yi aure nesa. Abin da kake nema shi ne takardar sallama, wadda aka ba sojoji lokacin da aka dawo da su, galibi a 1946. Mazan jiya sun riƙe ta da muhimmanci don da ita ake neman aiki a En'e ko gadi a kanti. In ta samu, rabin aikin ya ƙare. In ba ta samu ba, ka je ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji, wato Nigerian Legion, na jihar Kaduna ko reshen Zariya, ka tambaya ko yana cikin rajistarsu. Daga nan ka rubuta wasiƙa zuwa ofishin adana bayanan sojojin ƙasa da ke Lakwaja, ka sa duk sunayen da aka san shi da su, da rundunarsa, da shaidar cewa kai jikansa ne. Idan ya taɓa karɓar fansho, Hukumar Fanshon Soja a Abuja ma wurin tambaya ce, ko da yake da yawa daga waɗanda aka ɗauka don yaƙin kuɗin sallama kawai aka ba su. Ba kowane fayil na wancan zamani ya tsira ba, sai ka tafi da haƙuri.

Mutane da yawa suna zaton komai na Landan. Ba haka ba ne. Fayilolin sojojin da aka ɗauka a ƙasashen mulkin mallaka galibi a ƙasashen aka bar su. Abin da ke gidan adana takardu na Birtaniya a unguwar Kew ta Landan shi ne littattafan da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum, na fagen Bama suna ƙarƙashin lambar ajiya WO 172. Za su nuna maka inda bataliyarsa take a kowane wata, amma da wuya su ambaci farabiti da suna. In an ba shi lambar jarumta, takardar yabon tana cikin WO 373, ana iya neman ta da suna a intanet. Rajistar hukumar kula da kaburburan sojoji, wato Commonwealth War Graves Commission, ta waɗanda suka mutu a yaƙin ce, kamar masu suna a bangon tunawa na maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, don haka kakanka ba ya ciki tunda ya dawo. Ban ba ka shawarar ka kashe kuɗi a shafukan neman asali masu biya ba, kusan duk abin da suka tara na Turawa ne.

Inda na fi so ka ba lokaci shi ne gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa. A can ake ajiye fayilolin larduna, na Zariya da Katsina da Kano da Sakkwato, kuma ɗaukar soja a lokacin yaƙi ta hannun sarakuna da hakimai aka yi ta. Ka nemi fayilolin ɗaukar soja da na tsugunar da tsofaffin sojoji bayan 1945. Idan jerin sunaye ya fito gunduma-gunduma, ya fi "Katsina" da ke liƙe da sunansa kusa da gaskiya. Tsofaffin bugu na Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939, su ma sun cika da labarin yaƙin.

Da ka sami gari da shekarun da likita ya kintata, sai ka koma wurin tsofaffi, musamman mata, don su ke riƙe da lissafin haihuwa. Kada ka tambaye su shekara. Ka tambaye su: an haife shi kafin Marisuwa ko bayanta? Wannan annobar mura ta 1918 ce. Yana goye ne a yunwar Kakalaba ta 1914, ko ya yi wayo a yunwar Mai Buhu ta 1927? Waye sa'ansa, da wa aka yi musu kaciya, ya fara biyan haraji kafin ya tafi, ya yi aure? Zamanin sarakuna yana taimakawa in an yi sarauta kusa-kusa. A Zazzau, Dalhatu ya yi 1920 zuwa 1924, a Kano Usman ya yi 1919 zuwa 1926. Amma Dikko na Katsina ya yi daga 1906 har 1944, "zamanin Dikko" ba zai rage maka komai ba.

Laƙabinsa ma shaida ne. Ɗanladi ko Ɗanjuma ya ba ka ranar mako. Ɗan'azumi ko Sallau ya ba ka wata, kuma a nan akwai dabara. Watan azumi yana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara. A 1918 ya kama a Yuni, a 1920 daga tsakiyar Mayu, a 1923 a tsakiyar Afrilu, a 1927 kuwa a Maris. Idan tsohuwa ta ce an haife shi da azumi ana shuka, ka kusanci 1918 zuwa 1920. Idan ta ce da azumi ana tsananin bazara ruwa bai sauka ba, ka matso wajen 1923 zuwa 1926. Ka gwada wannan da shekarun da ke takarda. In sun dace, ka sami abin dogara. In sun saɓa da shekara biyu ko uku, ni na fi yarda da tsohuwar.

A littafin gidanku ka rubuta yadda abin yake: an haife shi tsakanin shekara kaza da kaza, a gari kaza, bisa takardar sallama da bayanin wance. Don Allah kada ka sa masa 1 ga Janairu don cike gurbi, jikokinka za su ɗauke ta gaskiya. Kuma ka ɗauki muryar tsofaffin nan a waya tun wannan makon, kafin amsar Lakwaja ta iso.