Amsa: filashi na biyu yana haskawa amma hoto na fita da duhu

Malam, ka ce ka sayi ɗan na'urar nan mai arha da ke kunna filashi na biyu idan ta ga haske, yana haskawa, amma hoton duhu. Na'urar lafiyarta ƙalau. Idan filashin kyamara yana kan TTL, wato tsarin da kyamara ke auna ƙarfin haske da kanta, sau biyu yake haskawa: ƙaramin haske na awo tukuna, sannan na gaske. Ido ba ya rarrabe su. Na'urarka tana kama na farkon, filashi na biyu ya zubar da ƙarfinsa kafin ƙofar kyamara ta buɗe. Har ma yakan ruɗi awon, kyamara ta rage nata hasken.

Mai da filashin kyamara kan M, wato tsarin da kai ne ke saita ƙarfinsa da hannu, ƙarfi 1/64, ka kashe tsarin hana jan ido a hoto, saurin ƙofa kada ya wuce 1/200 na daƙiƙa. In filashin kyamararka ba shi da M, nemi filashi irin Yongnuo YN560 ko Godox TT600 ya zama na biyu, ka sa shi kan tsarin S2, shi ne ke tsallake hasken awo. Ɗaya tsarin, S1, ba ya tsallakewa.

Gwaji: ɗauki hoto ta madubi. In ka ga filashi na biyu a kunne cikin hoton, sun daidaita.

Amma fa ranar Damagaram ba ta raga wa wannan na'ura. A fili da tsakar rana da ƙyar take ganin haske. Juya idonta ya fuskanci kyamara, ka goge masa ƙura. A wurin biki kuma, duk mai hoton da ya haska sai ya kunna naka, batir ya ƙare a banza.