Shan maganin istirojin don neman haihuwa: canza halittar Allah ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni matar aure ce a nan cikin Katsina, na daɗe a ɗakin miji ban taɓa ko ɓatan wata ba. Likitar mata ta yi mini hoto ta ce shimfiɗar cikin mahaifata ba ta yin kauri, ta rubuta mini ƙwayar istirojin da wata da zan ɗora a kai daga baya. Ƙanen maigidana da ke jami'a ya ce maganin a kan ƙwayoyin gado yake aiki, sai surukata ta ce kada in sha, canza halittar Allah ne. Ya halatta in sha? Jinin da zai zo bayansa kuma, zan bar salla dominsa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baiwar Allah, ya halatta ki sha, bisa sharuɗɗan da zan ambata. Tsoron surukarki na mai kishin addini ne, kada ki ga laifinta. Hukunci dai ba ya hawa kan abu sai an san haƙiƙaninsa.

Istirojin ba baƙo ba ne a jikinki. Gidan ƙwan mace ne ke fitar da shi tun daga balaga, jini ya kai shi mahaifa. Kowace ƙwayar halitta ta jiki tana ɗauke da ƙwayoyin gado kusan 20,000, amma ba duka ke aiki lokaci guda ba: wasu a farke, wasu a kwance. Idan sinadarin ya shiga ƙwayar halittar mahaifa, sai ya haɗu da makarɓinsa, wato abin da ke karɓarsa a cikin ƙwayar, su tafi su zauna a wasu keɓaɓɓun gurabe a jikin DNA, zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gadon, su tayar da waɗanda ake buƙata. Elwood Jensen ne ya fara gano makarɓin a Amurka a 1958, aka gano na biyu a Suwidin a 1996. Sakamakon kowace mace ta san shi a jikinta: bayan ɗaukewar haila shimfiɗar mahaifa tana sake tohowa tana kauri, kusa da fitar ƙwai kuma bakin mahaifa ya riƙa fitar da ruwa garai-garai mai yauƙi, wanda ke sauƙaƙa wa maniyyi hanya. Cikin abin da istirojin ke tayarwa har da makarɓin sinadari na biyu, furojestaron, mai gyara shimfiɗar don ciki ya samu mazauni. Dalilin da likita ta jera miki su ɗaya bayan ɗaya ke nan.

Misalinsa mai buɗe littafi ne zuwa babin da za a karanta yau: bai ƙara harafi ba, bai goge ba. Abin da kika gada daga iyayenki yana nan yadda Allah Ya tsara. Allah Yana cewa a Suratur Ra'ad, aya ta 8, Ya san abin da kowace mace ke ɗauke da shi, da abin da mahaifu ke ragewa da abin da suke ƙarawa, kuma komai a wurinSa da gwargwado yake.

Canza halittar da aka zarga a Suratun Nisa'i, aya ta 119, shi ne taɓa lafiyayyar halitta ba da lalura ba. A hadisin Ibnu Mas'ud na Bukhari da Muslim, an ɗaure tsinuwar masu yin wushirya da cewa don ado suka yi, shi ya sa Imamun Nawawi ya ce idan don magani ne babu laifi. Arfaja ɗan As'ad da aka yanke wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) da kansa ya umarce shi ya sa na zinare. Mayar da gaɓa ga aikin da aka halicce ta dominsa magani ne, ya shiga cikin faɗinsa: ku nemi magani bayin Allah.

Inda nake jin tsoro shi ne gwargwado. Istirojin idan aka daɗe ana shansa shi kaɗai, babu furojestaron, shimfiɗar takan yi ta kauri har ta iya rikiɗewa sankarar mahaifa, abin da ya bayyana wa likitoci ƙarara a 1975. Akwai kuma wani nau'insa na haɗi, DES, da aka riƙa ba masu ciki a Amurka har zuwa 1971, lokacin da aka gano wata sankara da ba a saba gani ba a jikin 'ya'yansu mata. Yana kuma ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya. Ƙa'idar "la darara wa la dirar" (ba cuta, ba cutarwa) da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa tana aiki a nan. Don haka ki sha yadda aka rubuta, kada ki ƙara, kada ki yar da ƙwaya ta biyu. Ki faɗa wa likita in kina da hawan jini, ciwon hanta, ko an taɓa samun sankarar nono ko daskarewar jini a gidanku, kuma ki koma mata da zarar kin ga alamar ciki. Wadda za ta je kyamis ta saya don ta ji ya yi wa maƙwabciyarta aiki, ban halatta mata ba. Ga Asibitin Koyarwa na Tarayya, ga Asibitin Turai 'Yar'aduwa, duk a Katsina, ta je a duba ta. Ki yi komai da sanin maigidanki, shi ma ya daure a gwada shi. Muna zaluntar mata ƙwarai da muke ɗora musu rashin haihuwa su kaɗai.

Batun jini kuwa, in ya zo a lokacin al'adarki, haila ne, ki bar salla da azumi. In ya dawo kafin ki cika kwana 15 da tsarki, ki haɗa shi da kwanakin hailar da ta wuce har ki cika al'adarki da ƙarin kwana 3, muddin jimillar ba ta haura 15 ba. Abin da ya biyo baya jinin ciwo ne, ki yi wanka ki ci gaba da ibada.

Wurin saɓani shi ne wanda magani ya janyo kafin lokacinsa, bayan cikakken tsarki. Shehu Khalil, mai littafin Mukhtasar, ya siffanta haila da jinin da ya fita da kansa, don haka malamanmu na Malikiyya suka ce irin wannan ba a barin salla da azumi dominsa, amma a rama azumin don fita daga shakka, kuma ba a ƙirga idda da shi. Wasu malaman na wasu mazhabobi sun ɗauke shi haila. Ni a wajen salla da azumi na fi karkata ga cewa haila ne, in ya zo da launinsa da warinsa da kika sani, domin shimfiɗar nan ce dai take zubewa idan sinadarin ya janye, kamar kowane wata. A idda kuwa a tsaya kan maganar Malikiyya, saboda kiyaye nasaba.

Allah Ya ba ki zuriya ɗayyiba. Allah ne Mafi sani.