Kar ka kusanto da giranda kan allon nan

Salam yarona, na ga saƙonka tun jiya da daddare, gajiya ce ta hana ni amsawa sai yanzu bayan asuba. Kace tunda 'yan kwamitin ƙauyen suna so allon tagullan nan mai sunayen sojoji ya fito fes kafin 11 ga Nuwamba, ranar tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi, me zai hana mu ɗaura buroshin waya a bakin giranda mu bi da man goge ƙarfe na Brasso, yini ɗaya mun gama ya koma ƙyalli kamar sabo, maimakon wankin da na saka kake yi da buroshin roba yau kwana uku kana ganin kamar ba'a motsa ba. Naji daɗi da ka tambaya baka je ka gwada a bayan idona ba, don da ka gwada ɗin wlh da babu mai iya gyarawa, har ni.

Allon nan tun ranar da aka zuba shi bai taɓa yin ƙyallin zinariya ba. Tagulla ce, jan ƙarfe ne aka haɗa da kuza kaɗan, irin kuzar da ake haƙowa a Jos, kuma masu zubin da gangan suke dafe fuskarsa da magani ya koma ruwan ƙasa mai duhu sannan su shafe da kaki, wani lokaci kan haruffan kawai suke ɗan gogewa don su fito. To wanda yace maka a maido shi yadda yake da, in ka kankare shi yayi ja-ja-wur ai ba yadda yake da ka mayar ba, wani abu ka ƙirƙiro daban.

Koren da baƙin da kake gani kuma tarihin garin ne ya zauna a kai. Nan yankin Durham na Ingila a da kusan kowane gida kwal yake ƙonawa, mahaƙa ma ana basu nasu kason su kai gida, ga hayaƙin ramin kwal ɗin kansa, shekara da shekaru. Hayaƙin kwal akwai farar wuta a cikinsa, in ya haɗu da ruwan sama sai ruwan yayi tsami, shi yake cin jan ƙarfen ya mayar da fuskarsa kore. Baƙin da ke maƙale a lungun haruffa da ƙarƙashin baki inda ruwa baya wankewa kuwa kunkunniya ce ta daskare. Baƙin datti ne, shi muke wankewa. Amma koren nan mai tauri ba datti bane, ƙarfen ne da kansa ya juya, kamar ɓawon da ke kan ciwo, in ka ɓare shi da tsiya fatar ka tafi da ita. Sa yatsa ka shafa harafi ɗaya kaji tudunsa, milimita nawa ne? kaɗan ne. Buroshin waya na minti biyar zai cinye abinda ruwan sama bai ci ba a shekara 100, kuma sabon ƙarfen da ka tone zai soma wata tsatsar tun daga ranar, da sauri ma fiye da da.

Akwai kore ɗaya dai da bana yiwa sassauci. Ka tuna ɗigo-ɗigon nan masu haske a ƙasan allon ta hannun hagu, da ka taɓa suka zubo kamar gari? Wannan shi muke cewa ciwon tagulla, gishiri ne ke kawo shi, kuma ka san teku na nan kusa, ramukan su Easington da Horden ma har ƙarƙashin teku suka shiga, iskar nan da ke kaɗa mu kullum gishiri take ɗauke dashi. Shi wannan baya tsayawa, rami yake haƙawa yana shiga ciki. Shi zamu bi ɗaya bayan ɗaya da tsinken gora da 'yar aska ƙarƙashin madubin ƙara girma, mu kwashe garin, mu sa maganin benzotriazole, da safar hannu da takunkumi dan Allah, ba abin wasa bane.

Bari in gaya maka abinda ya sa na tsani kankara haka. Shekarun baya an kira ni wani ƙauyen mahaƙa, wasu sun riga ni zuwa sun fesa wa allonsu yashi da inji, niyyarsu kyakkyawa ce, so suke ya fito. Ya fito kuwa, amma duk gefen haruffan ya zagwanye ya zama sumul, E da F basa rabuwa, C da G haka. Kuma garuruwan nan dangi ne a cure, sunan gida ɗaya sai ka ganshi sau uku sau huɗu a jere, wa da ƙani da ɗan baffa, harafin farko na sunan yanka shi kaɗai ke raba su. Ina tsaye wata tsohuwa tazo da sanda tana neman ƙanin kakanta, ta ɗora yatsa kan layi biyu tana komawa sama tana dawowa ƙasa, ta juyo tace min wanne ne nasu. Ban iya ce mata komai ba. Sai da na zauna da rijistar hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth da tocila da daddare kafin na raba mata su, amma a takarda na raba, a jikin allon har yau ba'a gane su. Ƙarfen da ya tafi ya tafi kenan.

Ka kuma san su waye a jikin allon. Mahaƙan kwal ne, wasu ma saboda sana'ar tasu aka ɗauke su, a farkon 1915, lokacin yaƙin duniya na farko, sojan Birtaniya ya kafa rundunonin masu haƙa rami, aka kwashi mahaƙa aka kai su Faransa da Beljiyam suna tona ƙarƙashin abokan gaba suna dasa nakiya, a Messines ta Beljiyam ranar 7 ga Yuni 1917 nakiyoyi 19 suka tashi kusan lokaci guda. Wanda ya mutu a can ba'a dawo da gawarsa gida ba, ƙa'idar kenan a lokacin, wasu ko kabari basu dashi, a ginin tunawa na Thiepval a Faransa kaɗai sunaye sama da 72,000 ne na waɗanda ba'a ga gawarsu ba. Uwa bata da kabarin da zata je, sai wannan layin guda a bango. Kuma da yawan allunan nan da kwabo-kwabon da mahaƙa suka yarda a riƙa cira daga albashinsu aka yi su. Yanzu ramukan sun rufe, na Easington tun 1993, zauren ma'aikata da ƙananan coci-coci da yawa an rushe ko an sayar, shi yasa zaka ga allon da akayi don cikin ɗaki an fito dashi an kafa a waje ruwa na dukansa, irin namu kenan, duba bayansa zaka ga tsofaffin ramukan kusoshi. Ni duk sanda na tsaya gaban irinsu kakana nake tunawa, yaje yaƙin Boma cikin sojojin Afirka ta Yamma, ya dawo da rai amma abokan da yake lissafa mana da suka kwanta a can, a bakinsa kawai muka san sunansu, da ya rasu suka bishi. Shi yasa in naga mutane sun samu nasu a rubuce nake ɗaukar abin amana.

Aikin dai kamar yadda muka fara. Hotunan da ka ɗauka kafin mu taɓa ka adana su da kyau, a waya da kwamfuta duka. Wanki da ruwa mai tsabta da sabulun nan marar ƙarfi, buroshin roba, daga baya tururi a hankali ba da matsi ba, a ɗauraye sosai kar sabulu ya kwana a lungu. In ya bushe ƙarau sai mu ɗumama ƙarfen da wutar gas daidai yadda bayan hannunka zai iya jurewa, ba wai ya ƙone ba, mu shafa kaki da buroshi ya narke ya shige ƙofofin, nakan sa masa ɗan launin ƙasa don koren ya lafa ya daidaita, ya huce mu goge, mu sake shafi na biyu da sanyinsa. A nan ne zaka ga abinda kake nema, haruffan zasu taso da kansu a karanta daga nesa, ba tare da mun ci ko ƙwayar ƙarfe ba. Bayan haka wanki da sabon kaki sau ɗaya a shekara, wannan mutanen gari ma zasu iya in an nuna musu.

Sukurorin nan huɗu na baƙin ƙarfe da wani ya ɗaura dole su fita, su suke zubo jan layin nan kan dutse, kuma ƙarfe in yayi tsatsa kumbura yake, shi ya tsaga kusurwar sama. Na tagulla zamu sa. Tsagar kuma da kwaɓin farar ƙasa zamu cike, siminti yafi dutsen tauri, ruwa zai rasa hanyar fita sai ya ci dutsen ta gefe. Bilic da injin wankin mota kar su zo wajen. Wayar da suke ɗaure furanni da ita ma zan roƙe su su canza zuwa igiya.

Maganar kwamiti bar min ita, ni zan zauna dasu ranar Laraba in nuna musu hoton wancan allon da aka fesa wa yashi, kuma dama kuɗin tallafin da suke nema wajen War Memorials Trust, ƙungiyar da ke tallafawa gyaran irin allunan nan, sai an rubuta hanyar da za'a bi an duba kafin a bayar. In wani ya matsa maka a wurin aiki kace maigida ne ya hana, ka bashi lambata.

Gobe kazo da tocilan nan mai ƙarfi mu tsaya har magariba, zan nuna maka yadda ake haska allo ta gefe inuwa ta fito da harafin da ido baya gani da rana, kai zaka riƙa karantawa ni ina rubutawa, layi na bakwai da na sha biyu nake so mu tabbatar. Kaki kuma sai mun samu yini biyu babu ruwa, in ka shafa kan danshi fari zai yi kamar an zuba koko, sai mun cire mun sake. Ka gaida mutanen gida.