Zare Yana Tsinkewa, Allura Tana Lanƙwashewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Mahaifiyarmu ta rasu bara, da aka raba kayanta na samu zannuwan atamfa shida, duk sun sha wanki. Na yayyanka su na harhaɗa a keke, na sa tsohon bargo mara kauri a tsakiya, farin yadi a ƙasa, ina so in bi shi da ɗinkin hannu ya zama abin rufar jaririn da ɗiyata za ta haifa cikin hunturu. Sai dai zaren ƙullewa yake yi yana tsinkewa, allura biyu sun lanƙwashe, yatsana kuwa duk ya huje. Da zaren keke nake yi. Me zan saya? Daga Maman Hanifa, Gwammaja.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Mama Ya sa ta huta, ɗiyarki kuma Allah Ya sauke ta lafiya. Wasiƙarki ta taɓa ni, ƙanwata, domin ni ma da zannuwan kakata na koyi wannan ɗinki a Mandawari, har yau bargon yana cikin akwatina.

Hannunki ba shi da laifi. Zaren ne ba na aikin ba. Na keken da teloli ke saye, wanda za ki ga an rubuta 40/2 a gindinsa, yawanci na roba ne, sili biyu aka murɗe. An yi shi ne don ya wuce ta cikin yadi sau ɗaya da gudu ya zauna. Ke kuwa a ɗinkin hannu, zare ɗaya kike jan sa ta cikin hawa uku, sau talatin ko arba'in kafin ya ƙare. Kowane ja yana goge shi, yana ƙara masa murɗa, daga nan sai ya tattare ya ƙulle. Ga shi kuma da ɗan talewa kamar danƙo: ki ja shi ya miƙe, ki sake shi ya koma, ya tattaro yadin ya yamutsa miki shi. A kan atamfar da ta tsufa ta yi laushi irin ta Mama, ba na son sa ko kaɗan.

Ki nemi zaren auduga zalla, mai lamba 40, sili uku. Ki riƙe wannan: a lambar zare, in lamba ta hau zaren sirancewa yake yi, in ta sauka ya yi kauri. Mai 50 ya fi mai 40 siranta, mai 28 ya fi shi kauri. Kamfanoni irin su Coats da Gütermann suna yin wanda aka shafe da wani abu mai santsi musamman don ɗinkin hannu, za ki ji shi da ɗan tauri kamar siririyar waya. In kin dace da shi, madalla, amma kada ki ɗora shi a keke, shafen da ke jikinsa kankarewa yake yi ya toshe hanyar zare.

Yadda za ki gane na auduga a kasuwa, ko a Kurmi kike ko a Sabon Gari, ba sai kin dogara da bakin mai shago ba. Ki yanko ɗan guntu ki ƙyasta masa ashana. Na auduga zai ci wuta da warin takarda, ya bar toka mai laushi da za ki murje da yatsa. Na roba kuwa ja da baya zai yi yana narkewa, ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙullutu mai tauri. Sannan in mai launi za ki saya, musamman ja ko shuɗi mai duhu, ki jiƙa shi ki matse cikin farin ƙyalle. Ya bar alama, ki ajiye musu kayansu. Na taɓa ɗinke shimfiɗa guda da jan zaren da ban gwada ba, wankin farko ya zuba a kan farin bayan, wata biyu na aikin dare ya ɓaci. Abin rufar jariri kuwa kusan kullum yana cikin ruwa.

Ko wane zare kika samu, kada ki yanko fiye da kamu ɗaya, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kimanin santimita 45. Na san dalilin da mata ke yanko mai tsawo, gudun yawan zura zare a kafar allura ne, amma rabin ƙullewar nan daga tsawon take. Sili ɗaya za ki yi da shi, ba a ninka shi. Ki samu ɗan kakin zuma wurin masu sayar da zuma, ki ja zaren a kansa sau biyu, ki murza da yatsu. Dukawa da kaki suke gyara zarensu tun kaka da kakanni, kuma in iskar hunturu ta busar da komai za ki ga amfaninsa sosai. In kin ga ya fara murɗewa, ki saki allurar ta yi lilo a ƙasa, zai warware da kansa.

Allura kuma, doguwar da kike gani kamar ita ce mai ƙarfi, ita ce mai saurin lanƙwashewa. Ta wannan aiki gajera ce, ba ta fi inci ɗaya da 'yar ɗoriya ba, kafarta ƙarama a zagaye. A jikin takardarta ana rubuta Betweens ko Quilting. Ita ma lambarta kamar ta zare take, in ta hau allurar ta ƙanƙance. Ki fara da lamba 8. Masu gwaninta suna kai wa 10 har 12, amma da bargo a tsakiya da atamfa a sama, mai 12 wahala kawai za ta ba ki. In ba ki same ta ba, ki zazzage kwalin nan mai allura iri-iri, ki zaɓi mafi gajarta wadda zarenki ya shige ta ba gardama. Gwajin ɗaya ne: in zaren yana yin ƙara yana turjewa lokacin da kike jan sa, allurar ta yi masa ƙanƙanta, in kina ganin huda a yadin ta fi zaren faɗi, ta yi girma. Basilla dai ki bar wa masu katifa.

Yatsan nan ki tausaya masa. Ki sa 'yar hular ƙarfen da teloli ke sawa a yatsan tsakiya, da ita ake tura allura. In ta dame ki, ki je layin dukawa a Kurmi a ɗinka miki ta fata daidai yatsanki, ni ita nake sawa.

Abu ɗaya da ba ki tambaya ba: kafin ki fara, ki shimfiɗa aikin a tabarma ki kama hawa ukun da manya-manyan ɗinki na wucin gadi, tazarar faɗin tafin hannu. A nan zaren kekenki zai yi amfani, daga baya ki zare shi. Ki fara daga tsakiya ki yo gefe. Inda gaɓar ƙyallaye ta haɗu ta yi kauri, kada ki tara suka uku a allura, ki soka ƙasa ki zaro, ki soko sama, ɗaya bayan ɗaya. A irin wurin nan allurarki biyu suka lanƙwashe.

In kin gama, ki wanke shi da sabulu mara ƙarfi don kakin ya fita kafin a rufa wa jaririn.